Cefanen Nomau a Kasuwar Falarmo

A gidan Lantana da ke Falarmo, can ƙasar Italiya, baƙi biyu suka sauka daga ƙauye: mahaifiyarta Inna Delu, wadda aka kawo aikin ido, da Nomau, ƙanen Lantana, ɗan rakiya. Nomau ba shi da mugunta, sai dai yadda ka faɗa masa magana haka zai aikata ta, ba ragi ba ƙari. Ido ya warke, amma Inna ta daina cin abinci. Kewar gida ta kama ta, kullum tana bakin taga tana ramewa, abin tausayi.

Wata rana Lantana ta aike shi tsohuwar kasuwar garin. Ta ce, "Abin da ka ga 'yan kasuwa na yi, kai ma ka yi." Ya tarar masu kifi na kwarara ihun talla, ya tsaya gefensu ya buɗe maƙogwaro: "A sayi kifi, na yau ne!" Sai la'asar ya dawo, ba cefane, ba murya, sai kan kifin da aka ba shi lada.

Wata rana kuma ta ce, "Kada ka sayo abin da Inna ba ta sani ba." Ya zaga kasuwa kaf, ya wuce wasu halittun ruwa masu ƙafafu barkatai da ganyayen da ba su da suna a Hausa, ya dawo da gishiri. Inna ta lasa, ta ce ko shi ba irin namu ba ne.

Wata rana Lantana ta kira shi da hawaye. "Nomau, duk abin da ka gani na gida, ka kawo, kada ka tsaya tambaya." Yana yawo sai ya ji an ja dogon tsaki gaban mai kuɓewa, irin wanda rabonsa da ji tun a gida. Wata dattijuwa ce 'yar Maraɗi. Ya sunkuci kwandonta ya yi gaba, ta biyo shi da faɗa har falo.

Lantana ta dafe ƙirji. "Na shiga uku! Mutum ka ɗauko?"

"Yaya, ai ta gida ce."

Inna ta jiyo faɗa da Hausa, ta fito tana dafa bango. "Baiwar Allah, daga ina?"

Aka shiga gaisuwa, aka tambayi damina, aka tambayi gero. Kafin Lantana ta gama ba da haƙuri, tsofaffin sun zauna ƙasa, hannuwa cikin kwano ɗaya.

Can Inna ta ɗago kai. "Lantana, ƙaro tuwon nan, muna da baƙuwa."