Bebe Ya Rasu, Kuma Ba Shi Kaɗai Ya Sha Man Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni da iyalina muke sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da duk mai injin gona a unguwar nan rasuwar giyabos, wato akwatin giyar injin kaftuna, wanda aka fi sani da Bebe. Ya cika da hantsi, a tsakiyar gona, yana kan aiki, bayan gajeriyar jinya.

Marigayin ya samu sunan nan ne saboda rashin surutu. Tun da na saye shi na hannu ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. A ɗaura shi a bayan tarakta, a sa shi cikin ƙasa mai tauri kamar daɓe, abin da za ka ji kawai shi ne hmmm, kamar dattijo yana tunani. Ya ci dutse ya yi shiru. Ƙanina ya taɓa barin sa cikin ruwa damina guda, bai riƙe shi a zuci ba. Bai taɓa roƙon komai ba sai mai, man ne kuma ya zama ajalinsa.

Ga yadda ciwon ya faro. Wani mutum ya zo da duro a bayan mota, ya ce man giya ne da ya rage a wani wurin aiki da aka rufe. Babu rubutu ko ɗaya a jikin duron. Ni kuma ba yau na fara ganin mai ba. Na tsoma yatsa, na murza, na sansana, na ɗaga a rana na ga yana jan zare kamar zuma. Na ce mai ya yi. Uwar yara ta ce in kai wa bakanike ya duba tukuna. Na tambaye ta ko yatsan bakanike ya fi nawa tsawo ne.

Ba a daɗe ba Bebe ya fara magana. Wata siririyar wuuu. Na dafa jikinsa, zafi kamar tukunyar da aka manta a wuta. Sai kumfa ta fara fitowa ta ɗan ramin da yake numfashi, fara-fara kamar ta sabulu. Na ga mai yana fita, na ce ai sai a mayar masa. Na ƙara, ya amayar. Na sake ƙarawa har baki. Ni a ganina jinya nake yi. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce ƙaras-ƙaras, sannan ƙas.

Da bakanike ya buɗe shi, haƙoran giya sun yi shuɗi, wasu sun zube a ƙasa. Ya ce man kirki akwai abin da ake sa masa da ke kashe kumfa, wannan babu, ga shi kuma da ruwa a ciki. Ya ce kumfa iska ce, iska kuwa ba ta hana ƙarfe cin ƙarfe, cikawar da na yi har baki ita ta sa giya ta riƙa kaɗa man kamar ƙwai. Duk na ji, ban yi musu sosai ba. Sai ya goge hannu ya dube ni.

"Maigida, wa da wa suka sha daga duron nan?"

Nan take na fara ƙirga su da yatsu.

Marigayin ya rasu ya bar tarakta guda, wadda yanzu take tsaye a rumfa ba abin ja, da wuƙaƙen kaftu marayu. Ya kuma bar 'yan'uwan shan mai, domin ni ba na cin alheri ni kaɗai. Duk wanda ya zo da jarka na cika masa kyauta. Maƙwabcina mai injin yankan ciyawa ya ɗiba. Ƙanina ya ɗiba.

Sai kuma Baba, surukina, mai injin casa. Shi bai ma zo ba. Ni na ɗauki jarka na je har gidansa, na kwance noti, na zubar da mansa mai kyau, na ɗura nawa da hannuna. Ya ce nasa bai daɗe da zubawa ba. Na ce ya bar wa waɗanda suka san inji. Ya dube ni ya ce, "To."

Injin nan shi ke ciyar da gidan Baba gaba ɗaya. Amfanin gona ya nuna, mutane sun kama layi, kowace rana zai iya tayar da shi. Ni ba matsoraci ba ne, kowa ya sani, na yi cacar baki da manyan direbobi ban ja da baya ba. Amma Baba ba ya faɗa. Kallo yake yi. Na roƙi uwar yara ta je ta gaya masa, tunda mahaifinta ne. Ko juyowa ba ta yi ba.

"Bakin da ya yabi man, shi zai je ya kushe shi."

Na je. Na kai har ƙofar gidan, na jiyo tarinsa daga ciki, na wuce kamar hanya ce ta biyo da ni. Yanzu in na ji inji ya tashi ta ɓangaren gidansa, sai in tsaya ina sauraron ko zan ji wuuu. Mai duron kuwa wayarsa a kashe take.

Za a yi jana'iza gobe da safe a rumfar bayan gidana. Za a wanke gawar da kananzir, sannan a miƙa ta ga 'yan gwangwan. Ba a buƙatar kuka. Duk mai zuwa ta'aziyya da ya taɓa karɓar mai a hannuna ya zo da injinsa a ja, ba a kunne ba, ya kuma riƙo bokiti. Bakanike zai juye, ya wanke, ya zuba sabon mai wanda ba a fasa murfinsa ba, iya layin da aka zana, ba ƙari. Duk a wuyana.

Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya sa a tsaya a kan gawa ɗaya.

Baba, in wani ya karanta muku wannan, don girman Allah kada ku tayar da injin. Ku ba ni izini in zo in jawo shi da kaina. In kuwa kun riga kun tayar, ku aiko a faɗa wa uwar yara. Ita ta san inda nake.