Motar Da Ba Ta Da Wurin Kamawa

"Lahiya lau na kwana, ganinka ne dai ya ɓata mani safiya," in ji Goggo. Ba ta ko ɗago kai daga waken da take tsincewa ba.

"Ni ma ba don an ce a gaida tsofaffi ba, da wucewa zan yi. Ya ƙafa?" in ji Mas'udu.

"Ƙafa tana inda ka bar ta. Halan ka sake zowa da shirwar nan taka?"

Ya sake zuwa da ita kuwa, tana ƙofar gida. Mas'udu jikan Goggo ne, dillalin motoci a Funtuwa, irin samarin nan da ba sa iya ganin sabon abu su kau da kai. Bana ya rabu da tsohuwar motarsa ya ɗauko wata mai aiki da lantarki, doguwa, ita ba jif ba ita ba ƙaramar mota ba. Ba ta shan mai, ba ta ƙara, kuma ƙofofinta na baya sama suke tashi kamar fikafikai. Ran Juma'ar da ta wuce ya kawo ta Daudawa don ya kai Goggo garin Ruwan Godiya, wurin aminiyarta Hajiya Nana Khadija, wadda ciwo ya kwantar har ta aiko a ce wa Goggo ta zo. Goggo ta fito, ta ga ƙofa ta yi sama, ta zazzage shi da motar tasa, ta koma ciki. Kafin mako ya zagayo ciwon ya kama harshen Hajiya Nana. Yanzu an ce ido kawai take bin mutane da shi, shi ma ba kullum ba.

Da wannan labarin Mas'udu ya kwana, da shi ya tashi, kuma ya rantse yau sai ya kai tsohuwar nan ko da goyo ne. Amma jika ba ya shigo wa kakarsa da fuskar tausayi, sai ta raina shi.

"Shirwa kuma? Motar da manyan mutane ke layi su taɓa? Amarya, ke fa ƙauyanci ya yi miki yawa. Shi ya sa nake tunanin sakinki."

"Ka sake ni mana, in huta da miji mai ƙafa kamar sillen kara. Wa ya ce maka mota ce wannan? Abin da ke buɗewa ta sama rumbu ne. Ni dawa ce da za a zuba ni?"

"Dawa ai tana da amfani."

"Ja'iri. Kakanka ya yi shekaru yana jigila tsakanin Ƙanƙara da Sabuwa, ban taɓa ganin ƙofar motarshi ta ɗaga hannu tana roƙon ruwa ba."

"Motar Alhaji da sai an ɗaure ƙofarta da igiya?"

"Igiyar ta hi ka mutunci. Kuma mota in za ta taho sai ta yi gyaran murya, a kauce. Taka ko sallama babu, sai dai mutum ya waiwaya ya gan ta bayanshi kamar ɓarawon akuya."

"To ki shiga gaba. Ƙofar gaba a gefe take buɗewa."

"In zauna gaba kamar karen mota? Da girmana? Kuma na ga wannan ɗin ma, kahin ka taɓa ta ta tahi da kanta. Ƙofar da ba ta tsayawa wuri ɗaya, mi za a yi da ita?"

Mas'udu ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Rana tana ɗagawa, kuma ba wanda ya san ko idon Hajiya Nana zai kai yamma yana gane mutane.

"Goggo, an ce jiya da aka ambaci sunanki ta juyo da kai."

Hannun Goggo ya tsaya a cikin waken. 

"Nana ba ta da haƙuri, tun muna 'yan mata," ta ce a hankali. "Ta jira ranar kasuwa mana, in hau motar mutane."

"Ranar kasuwa da sauran kwanaki."

"Na sani. Kai ka hi ni sanin kwanaki ne?"

Ta ture faifan gefe ta ce bari ta sa waken a ɗaki. Mas'udu yana zaune yana kallonta. Ta miƙa hannu ta kama ƙyauren ɗaki, ta damƙe shi sosai, ta rataya nauyinta duka a jikinsa, sannan ta ja jiki ta miƙe da bismilla. Ƙyauren ya yi ƙara ya karɓe ta.

Nan ya gane. Haka take shiga tsohuwar motarsa. Hannu ɗaya a saman ƙofa, ɗaya a kujera, ta rataya, ta ja jiki. Har ƙofar bayan ta saki don nauyinta, ya yi ta mita yana kai wa mai gyara. Sai ranar Juma'ar ta dawo masa tar. Rabin unguwa sun taru kallon mota, shi kuma yana ta danna makulli, ƙofa na tashi tana sauka, ana tafi. Goggo ta fito da mayafinta na fita kunya, ta iso bakin mota, ta ɗaga hannu inda ƙofa ta saba zama, hannun ya kama iska. Sai ta mai da shi kan mayafi kamar gyarawa take, ta hau zagi. Shi kuwa gogan naka har da riƙe ciki don dariya. Matar da ta yi wa rabin 'yan kallon nan wanka tun suna jarirai ba za ta yarda a cicciɓe ta a gabansu kamar buhu ba, kuma ba za ta faɗa ba ko za a yanka ta. Kunya ta rufe shi, ya ji ya tsani motar da makullinta.

Da ta fito daga ɗaki ya miƙe ya karkaɗe rigarsa.

"Tsohuwa, ɗauko mayafi. Na sa wa motar sabuwar ƙofa."

"Ƙaryar banza. Yaushe?"

"Yanzu. Ta musamman ce, daga Funtuwa aka yo odarta. Kuma duk unguwa suna gona, ba mai ganin ƙauyancinki."

Ta harare shi, ta leƙa zaure ta ga babu kowa a waje sai kaji. Ta koma ta yafo mayafin, tana tafe tana cewa ita kallo kawai za ta yi, ta ga ƙaryar da aka shirya mata.

Ya danna makulli, ƙofar ta yi sama. Sai ya je ya tsaya daidai inda ƙofar mota ke tsayawa in an buɗe ta, ya kafa ƙafafu, ya lanƙwasa hannu ya miƙo mata kafaɗa, ya kau da kai gefe.

"Ga ta nan. Ba ta tashi sama, ba ta tafiya da kanta."

Goggo ta dube shi daga sama har ƙasa. Ta gane ya gane, shi ma ya san ta gane.

"Wagga ƙofa ba ta ci abinci ba," ta ce. "In ta karye ba ni biya."

"Ta ɗauki waɗanda suka fi ki, 'yan mata masu jini a jika."

"Ƙofa mai baki. Tsaya da kyau, mara kunya."

Ta ɗora hannu a kafaɗarsa ta damƙe, ɗayan a kujera. Ya ji yatsunta sun shige masa har ƙashi, bai motsa ba. Ta yi bismilla ta ja jiki, sai ga ta zaune. Ta gyara zani, ta shafa kujerar, ta ɗaga kai ta kalli fiffiken da ke samanta.

"Da nan ka tsaya ran Juma'a," ta ce, muryarta ta sauka, "da Nana ta zage ni da bakinta. Ta iya zagi, ka sani. Ta hi ni."

"Da kin faɗa mani, Goggo."

"Da ka duba."

"Da na duba," ya ce.

Ta share ido da bakin mayafi, ta ce ƙurar motarsa ce, alhali ko tashi ba su yi ba. Sannan ta kwance haɓar zaninta ta ciro goro ɗaya fari, ta ɓare shi, ta miƙa masa ɓari.

"Ungo, ladan ƙofa. Ɗayan na Nana ne, ko ba ta ci ta riƙe. In mun isa ka zagayo ka tsaya mani, kada ka bar ni da wannan abin."

"To sakin fa? Na fasa ke nan?"

Ta yi 'yar dariya, hawaye na bin kumatunta.

"Ka fasa. Sauke fiffiken mu tahi, tun tana gane ni."