Addu'ar da Shanun Baba Suka Samu

Ana gobe sadakar arba'in ɗin Baba na kasa zama wuri ɗaya, sai na buɗe kwamfuta. Ina da wata 'yar manhaja da nake ba umarni a baƙin allo ta buga rubutu a kan hotuna, amma folda ɗaya kawai take dubawa. Na gyara ta yadda za ta shiga kowace folda, da wadda ke cikinta, har ƙasa. Yaya Hauwa ta ce, "Ka dai duba kafin ka tura." Na ce mata kwamfuta ba ta kuskure.

Na sake ta a kan hotunan wayar Baba, na tura wa dangi gaba ɗaya. Ni dai fuskarsa nake so kowa ya gani. Na manta dillalin shanu ne, kuma can ciki yake ajiye hotunan da yake nuna wa masu saye. Kowane bijimi ya fito da "Allah ya jiƙanka da rahama" a ƙirjinsa.

Kawu Bukar ne ya fara amsawa: "Amin. Amma wannan jan, jiya na gan shi a kasuwa yana cin dusa."

Har yau in zai yanka rago sai ya kira ni: "Injiniya, zo ka ɗauki hoton marigayi."