Layar da Na Ɗinka wa Idona

Har in mutu ba zan taɓa mantawa da shekarar da idona ya fara yi mini gardama ba, tun gwamnan Faransa yana zaune Damagaram. Ni baduku ne a unguwar Zango, kuma badukun da ya daina ganin inda basillarsa ta huda ya kusa rufe rumfa. Masu kawo aiki sun fara gaishe ni daga nesa suna wucewa. Gaskiya na tsorata.

Aminina Kyari tafinta ya kai ni wurin likitan soja. Nasaran ya yi ta ɗora mini gilasai, ya cire wannan ya sa wancan, har na ga zaren rigarsa ɗaya-ɗaya. Sai ya kwashe kayansa, ya yi rubutu a takarda ya miƙo mini. Kyari yana sauri, ya ce, "Adana ta da kyau, maganinka na ciki."

To, mu nan idan mai magani ya ba ka rubutu, ko ka wanke ka sha, ko ka ɗinke. (Na so in sha, tawadar Nasara ce ban yarda da ita ba.) Na samo jar fata na ɗinka laya, na rataya. Wata guda ina shelar ido ya yi sauƙi, alhali sau biyu ina yi wa jakin maƙwabci sallama.

Ran kasuwa sai ga likita da Kyari a rumfata.

Kyari ya ce, "Malam, likita na tambaya, tabarau bai iso ba?"

"Wane tabarau? Ga magani nan!" Na zaro laya ina taƙama.

Kyari ya yi dariya har sai da ya dafa ginshiƙi, dukawa suka taru. A gabansu ya farke layar. Ashe layin sama awon idon dama ne, na ƙasa na hagu, lambobin kuwa ƙarfin gilashin da kowane ido ke so. Wani kanti a Kano ya kamata a aika da takardar, ni kuma na kulle ta a wuyana.

Da tabarau ya iso, aiki ya dawo, alhamdulillahi. Abin da na fara dubawa fatar layar ce. Ɗinkin da na yi wata guda ina nuna wa gari, karkatacce ne kamar hanyar tururuwa, kuma ba wanda ya gaya mini.

Yanzu duk takardar da ban iya karantawa ba, sai na tambaya kafin in ɗauko basilla.