Rasuwar Baba Ƙarƙar, Keken Ɗinkin Mairo ta Gidan Rumji

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kuma guntun fushin da bai gama hucewa ba, ni Mairo Usaini ta Gidan Rumji nake sanar da ƴan uwa da maƙwabta, da duk macen da ta taɓa kawo mini yadi ƙunshe a leda, rasuwar keken ɗinkina wanda aka fi sani da Baba Ƙarƙar. Rai ya yi halinsa ranar Talatar da ta wuce da hantsi, a rumfar Ishaku mai gyara da ke bakin kasuwa, bayan gajeruwar jinya wadda akwai hannun mutum a cikinta.

Babu wanda ya san shekarun marigayin. Mahaifiyata, Inna Zahra'u, ita ta zo da shi daga wajen Jibiya tun ban yi wayo ba, naɗe cikin tabarma a bayan raƙumi, kuma ko a lokacin ba saurayi ba ne. Da Inna ta rasu aka zauna rabon abin da ta bari, awaki ne da kwanoni da shi. Na ce a ba ni keken. Yayana Buba ya yi dariya har da riƙe ciki, wai na zaɓi ƙarfen da ba ya haihuwa. Awakin ba su ga damina biyu ba. Baba kuwa ya yi shekara ashirin da shida a ɗakina, kusa da taga, yana tufatar da mu.

Dattijo ne mai wadatar zuci. Bai taɓa neman lantarki ba. In wuta ta ɗauke, telolin kasuwa masu kekunan zamani suka koma fifita da kwali, shi ɗigon mai biyu da ƙafata sun ishe shi. Muryarsa duk unguwa an san ta: ƙarƙar-ƙarƙar-ƙarƙar, tak, sai ya numfasa in juya ƙyallen. Da ita maƙwabta ke gane lafiyata lau, don ranar da ba a ji shi ba sai an aiko a tambaya. Shi ya ɗinka kayan lakol, wato na makaranta, na ƴaƴana biyar, tun daga ɗan farina wanda ba zan kama sunansa ba har zuwa auta Hamdiya. Rigunan jarirai da ya fitar, wasu masu su yanzu suna da gemu. Labule, rigar matashi, zanen gado, majanyi, ba ya zaɓe. Akwai gidan sauro guda a gidan nan da ya yi wa maho har mahon ya fi asalin yawa, bai taɓa nuna gajiya ba.

An saba rufa wa mamaci asiri, amma a gaban jama'a ya yi rayuwarsa. Yana da cin zare. Leshi kuwa bai taɓa ƙaunarsa ba, in ya ga na mai tsada ne sai ya tauna gefen tukuna. Sau biyu ya huda mini farce, na yafe masa. Sai dai akwai hakkinsa guda a wuyana da zan sauke yau. Wandon nan na Sallah da aka yi ta labari, wanda wani babban mutum ya je Idi da shi ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, shekara tara ina barin mutane suna zargin Baba. Ni ce na yi awon ina hira.

Aikinsa na ƙarshe bai kammala ba, kuma nan ne abin ya fi ci mini rai. An tura Hamdiya koyarwa a wani lakol can wajen Gidan Sori, karon farko da za ta kwana a garin da ba ta da kowa. Tun da takardar ta fito na kwance buhun ƙyallayen da nake tarawa shekara da shekaru, na fara haɗa mata abin rufa babba. Akwai guntun rigarta ta suna a ciki, akwai kakin lakol ɗin yayyenta, akwai atamfar da na sa ranar da ta ci jarrabawa. A tsakiya na sa abin da ya rage na zanen da Inna ta fi ɗaurawa. Saura layi uku a gama, sai aka yi haihuwa a Sae Sabuwa, na hau kabu-kabu na tafi suna na kwana biyu. Na lulluɓe Baba da mayafinsa, na bar shi lafiya ƙalau.

A nan dole in yi abin da ban taɓa yi ba cikin shekara talatin da ɗaya, wato in kama sunan maigidana, saboda sanarwa ba ta yiwuwa da kara. Sunansa Nomau.

Bayan tafiyata, wakenmu yana shanye a masussuka, sai ga hadarin ƙarshen damina ya taso, tamfol ɗin rufe shi kuma ya yage tun daga wannan baki har wancan. Nomau da abokinsa Tala suka tsaya suna shawara, shawarar ta kawo su ɗakina. Mutumin da ko maɓallin rigarsa bai taɓa maidawa ba, shi ya zauna a kujerata. Suka zura wa dattijon zaren buhu. Da ya ƙi tafiya, Tala ya ce ƙishirwa ce, suka ɗura masa baƙin man babur. Da ya sake ƙi, ɗaya ya taka da ƙafa biyu, ɗaya ya ja tamfol ɗin ta baya da ƙarfin da ake jan bijimi daga rijiya. Maƙwabciyarmu Latifa ta shaida cewa ta ji kukan ta kan katanga, wani irin ƙiiiƙ mai tsawo, daga nan ƙas, daga nan shiru. Hadarin ma bai zubar da ko ɗigo ba, iska ta kore shi gabas.

Da na dawo na tarar da tsakar gida a share, randa cike, ga tsire a ƙunshe an ajiye mini. Nan na san akwai magana, don rabon da in ga haka tun ina amarya. Na yaye mayafin, na taka. Baba ya ce ƙiƙ, sau ɗaya, a hankali, kamar mai neman gafara. Ita ce maganarsa ta ƙarshe.

A amalanken jaki muka kai shi wurin Ishaku, ina riƙe da kansa a cinyata saboda gargada. Ishaku ya buɗe cikinsa, ya daɗe yana leƙe, sannan ya sa ɗan hantsaki ya zaro wani shuɗin zare daga haƙoran marigayin ya ɗaga sama. Duk Gidan Rumji an san mai shuɗin tamfol. Ya ce sandar ƙarfen da ke juya komai a ciki ta karye biyu, irinta kuma ko a Maradi an daina gani tun yana koyon aiki. Sai ya cire hularsa. Nomau yana tsaye a bayan jaki yana gyara igiyar da ba ta kwance ba.

"Mairo, ni ne," ya ce. "Na ga kina yi kullum kamar ba wuya."

Kwana uku ina ajiye masa tuwo ba tare da na ce ga shi ba, kuma ina sane na rage gishiri. Ba ƙarfen kaɗai nake wa kuka ba. A jikin katakon teburin akwai wurin da gwiwar hannun Inna ta goge har ya yi santsi, a nan nawa hannun yake sauka kullum.

Rana ta huɗu da la'asar na fito na sami maigidan a gindin darbejiya, ya shimfiɗa abin rufar Hamdiya a kan ƙafafunsa, yana fama da basillar ɗinkin buhu. Ya haɗa ƙyalle biyu, ɗayan a kife, ɗinkin kamar sawun kaza a laka, yatsansa na jini yana tsotsa. Na tsaya ina kallonsa, dariya na neman kuɓuce mini ina danne ta.

"Malam, ajiye wannan mashin kafin ka yi kisa na biyu," na ce.

Na kawo masa ƙaramar allura, na nuna masa yadda ake kama bakin ƙyalle. Hamdiya ta ce kada in kwance ɗinkin farkon da ya yi, a bar mata shi a kifen.

Marigayin ya rasu ya bar almakashi guda mai ciwon haɗi, da tef ɗin awo wanda lambobinsa na farko suka goge, da allurai bakwai marayu a cikin gwangwanin madara. Ya bar riguna huɗu na mutane da aka yanka ba a haɗa ba, masu su su yi haƙuri, abin ya shafe mu duka. Ya kuma bar ni.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Na aika a tambayi liman, ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, kuma in daina aiko masa da irin wannan tambaya. Saboda haka za a wanke marigayin da kananzir ranar Alhamis da safe, a naɗe shi cikin farin yadi, a kwantar da shi a saman kabad inda zai riƙa ganin ɗaki. Masu yawon sayen tsofaffin ƙarafa da suka fara giftawa ta ƙofar gida tun jiya, na gan ku, kada wanda ya yi sallama.

Za a zauna karɓar gaisuwa ranar Alhamis da Juma'a daga azahar, a tsakar gidana. Kowace mace ta zo da allurarta, zare akwai, domin motar Hamdiya ranar Asabar za ta tashi kuma har yanzu da sauran layi biyu da rabi. Akwai fura, akwai dafaffen wake mai yawa, wanda aka yi asarar rai dominsa. Maza za su zauna a zaure wurin Nomau, shi ne mai karɓar ta'aziyya, kuma an yarda kowa ya tambaye shi yadda abin ya faru. Tala ya zo, amma hannuwansa su zauna a aljihu.

Maigidan ya ce da an kai wake kasuwa zai ɗauke ni zuwa Maradi in zaɓi wanda nake so. Na shaida masa cewa ina cikin takaba, wata huɗu da kwana goma ba zan ɗaga ido in dubi wani keke ba. Amma in akwai wadda ta san inda ake samun mai yin surfani da ramin maɓalli, ta ja ni bayan rumbu ta raɗa mini. Ban da gaban mamacin.