Tasi'u Kamus da Haddar Amsa Ɗari

Wani mutum ne a ma'aikatarmu, Tasi'u, amma kowa Kamus yake ce masa, kuma shi ya raɗa wa kansa sunan. In ya buɗe baki da Turanci, ka rantse tifa ce ke juye tsakuwa. Ya ce ya taɓa gyara wa wani Bature magana a filin jirgi, har Baturen ya cire hula ya ba shi haƙuri. Ya ce babu ƙasar da bai san babban birninta ba. Amma ka tambaye shi ko guda ɗaya, sai ya dube ka sheƙeƙe ya ce, "Wannan ai tambayar 'yan firamare ce, kada ka zubar mini da girma." Shekara goma sha ɗaya muna tare, ban taɓa jin amsa ta fito daga bakinsa ba. Ni dai haushinsa nake ji, ba zan ɓoye muku ba.

Ana nan sai shugaban sashen fayil ya yi ritaya. Kujera ɗaya tal. Aka ce jarrabawar ƙarin girma ce za ta raba gardama: tambaya ɗari, rabi Turanci, rabi sanin duniya, su tarihi da ƙasashe da koguna. Wanda ya fi maki shi ne oga. Masu nema da gaske su biyu ne, Kamus da Malama Uwani mai buga takardu, wadda sai ta wuni ba ka ji muryarta ba. Shi kuwa gogan tun ba a sa rana ba ya gaya wa surukansa kujerar tasa ce.

Kowa ya san masu shirya jarrabawar tambayoyin bara suke maimaitawa, don haka littafin tambayoyin ya yi ta yawo a ofis. Uwani ta duƙufa tana bin sa ɗaya bayan ɗaya. Kamus ya yi fotokofin shafin ƙarshe kaɗai, inda aka jera amsoshi: ta ɗaya B, ta biyu C, har ɗari.

"Malama Uwani, kina wahalar da idonki a banza," in ji shi. "Mai ilimi ba ya karanta tambaya."

"To me yake karantawa, Malam Tasi'u?"

"Amsa. Ita ake ba wa maki."

Ya koma gida ya ɗauko carbi. Da ya ga casa'in da tara ne, ya ɗaura maɓallin riga a ƙarshe ya cika ɗari. Ya zauna a tabarma yana rangaji, yana ja: "Bi, si, si, e, di." Safe da yamma, har kwana ashirin. Matarsa Ladidi ta ji daɗi ƙwarai, ta ɗauka shiriya ce ta zo wa mutumin. Ran nan ta durƙusa a gefe ta ce, "Malam, wannan wuridin wane shehi ne ya ba ka?" Ya ɗaga mata hannu kada ta ɓata masa lissafi, ta ja da baya a hankali.

Ranar jarrabawa aka kwashe mu zuwa wani babban ɗaki cike da kwamfutoci, don bana an daina ta takarda. Kamus ya shigo yana tafiya saɗaf-saɗaf, kai a miƙe, kunnuwa toshe da auduga, wai kada hadda ta zube. Jami'in da ke kula da mu ya tsaya ya yi bayani dalla-dalla. Ya ce da ka danna harafi, tambaya ta gaba za ta fito da kanta. Ya ce kuma kowace kwamfuta ta gauraya tambayoyin yadda ta ga dama, ta ɗayan wani ita ce ta sittin ɗin wani. Duk muka ji. Kamus yana can yana murmushi da audugarsa.

Aka ce a fara. Wallahi tambayoyin bara ne sak, jerin kawai ya canja. Na waiga, na ga Kamus ya rufe ido ruf, hagu a kan carbi, dama a kan madannai. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. An ba mu awa biyu, shi a minti shida ya miƙe ya kaɗe riga.

Kusa da shi akwai Baba Mudi, tsohon akawu da ya rage wata bakwai ya yi ritaya, wanda ya zo don kawai an ce dole. Sanyin ɗakin ya ratsa dattijo, gyangyaɗi ya kwashe shi, goshinsa ya sauka a kan harafin A ya zauna daram. Kwamfuta ta yi ta karɓa har ta gama. Kamus ya tsaya a kansa ya girgiza kai.

"Yallaɓai," ya ce wa jami'in, "irin waɗannan su ke ja wa ma'aikata raini."

Bayan kwana uku aka liƙa sakamako a allon sanarwa. Uwani tamanin da huɗu. Baba Mudi ashirin da shida. Can ƙasa, inda sai ka sunkuya, Tasi'u tara.

Nan fa ya tubure. Ya ce kwamfutar ba ta kai matsayin fahimtar amsarsa ba. Ya ce a fito da aikinsa a karanta a gaban kowa, in an isa. Darakta mutum ne mai son raha, ya sa aka buga takardar, muka taru a ofishinsa har bakin ƙofa.

Darakta ya gyara tabarau. "Tambaya ta ɗaya. Ina ne babban birnin Jihar Kano?"

"Yallaɓai, wannan ai tambayar..."

"Ka ce Wudil."

Wani ya cusa hula a baki don kada dariya ta ƙwace masa.

"Ta biyu. Wata nawa ne a shekara? Ka ce goma. Tasi'u, ina ka kai sauran biyun?"

Tasi'u ya buɗe baki. Ya laluba Turanci, ya ji wayam. Ya laluba Hausa, ita ma ta gudu. Malama Uwani, sabuwar ogarsa, ta sunkuyar da kai don kunya ta kama ta a madadinsa.

Sai Baba Mudi ya matso, ya dafa kafaɗarsa cike da tausayi.

"Kada ka damu, ɗana," in ji shi. "Baɗi kafin jarrabawa ka same ni a gida. Ka taho da matashin kai, ni zan koya maka."