Tsanin Rumbuna Ya Koma Gidan Goggo

Jama'a, jiya da la'asar na shigo Mairuwa ina tura babur da hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma na rungume hulata a ƙirji. Kaina a buɗe, rana tana gasa shi. Duk wanda na wuce sai ya tambaya ko lafiya, in ce lafiya lau, taki na ɗauko. Kuma ba ƙarya na yi ba. Takin zamanin da aka ba ni na noman bana duk yana cikin hular nan, bai ma cika ta ba.

Bari in faro muku daga tushe, kada ku ɗauka ni Gide na zautu.

Watan jiya aka yi shela wani babban mutum zai zo ya koya mana tattalin kuɗin gida. A nan zan kira shi Mai Girma Garkuwan Alkawari, Allah ya ƙara wa tumbinsa albarka. Ya iso da jerin motoci, ba a kashe ko ɗaya ba, suna ta ruri a rana don kada kujeru su yi zafi kafin ya gama yi mana wa'azi a kan almubazzaranci. Ya ce talaka ne ke jawo wa kansa talauci. Mu rage shan shayi, mu rage anko, mu rage cin nama.

Maƙwabcina Mas'udu, wanda bakinsa ba shi da birki, ya ɗaga hannu ya ce, "Ranka shi daɗe, naman da za mu rage ɗin, nan za a raba muna shi, ko sai mun koma gida?"

Aka yi dariya. Mai Girma ma ya yi, don bai gane da shi ake ba. Sannan ya saki babbar maganar. Wai hatsin da ke kwance a rumbu dukiya ce mai barci. Mai wayo sayarwa yake yi ya riƙe kuɗi a hannu, domin ga taki nan tafe tirela-tirela a rabin farashi, wanda ya zo da kuɗinsa shi ne da buhu.

To ni ina da wata cuta. In mutum ya yi magana ta lasifika, sai in ji kamar gaskiya ce.

A gidanmu kuwa akwai ƙa'ida tun zamanin mahaifina: ba a taɓa dawar babban rumbu sai ruwa ya sauka an yi shuka, lokacin da hatsi ke tsada. Ita ce ke riƙe mu da yara har sabon hatsi ya shigo. Rumbun na ƙasa ne, bakinsa a sama yake, sai da tsani ake shiga. Da matata Suwaibatu ta ga na jingina tsani, sai ta ajiye muciya.

"Malam, mi za ka yi bisa rumbu, ko yayyahi ba a yi ba?"

Na gyara murya na ce, "Dukiya za ni tada daga barci."

Ta ce, "To ka tada ta sannu. In ta tashi, tahiya za ta yi."

Ban saurare ta ba. Na kwashe rabin dawar na kai kasuwar Ƙanƙara. Abin da ban yi tunani ba, duk wanda ya ji wa'azin nan shi ma ya kwaso tasa a rana ɗaya. Dawa ta cika kasuwa, farashi ya faɗi warwas. Sai ga wasu samari da babbar mota suna saye, suna yi mana godiya. Mas'udu ya taɓa ni ya ce, "Kai, wancan direban ba shi ne ya buɗe ma Mai Girma ƙohwa ba rannan?" Na ce ya daina zargin bayin Allah. Ashe kuwa direban ne.

Kuɗin kuma da suka shiga aljihu sai suka fara yoyo. Da can in aka zo mini da buƙata, in ce hatsi na rumbu, kowa ya haƙura. Yanzu kuwa ga suna, ga gudummawar biki, ga katin waya, ga mai tsire da ya fara gaishe ni da Alhaji.

Jiya dai ranar taki ta zo. Na yi rabin safiya a layin mai, na samu ɗan abin da zai kai ni Faskari, ban yi lissafin dawowa ba. Tirelolin sun zo, wannan kam a yaba wa Mai Girma. Ya dafa buhu, aka ɗauki hoto. Ya sake dafawa da ɗaya hannun, aka sake ɗauka. Daga nan tireloli suka juya, wai za a kai su ajiya kada mu tattake juna. Dubi tausayi. Mu kuma aka sauke mana buhu ɗaya na unguwa guda, aka raba da gwangwanin madara. Mai son ƙari, aka ce akwai wani shago a baya, farashinsa ya fi na kasuwa.

Da na isa gida, Suwaibatu ta leƙa hular, ta daɗe tana kallo.

"Malam, wanga a gona za a zuba shi, ko a miya?"

Na so in yi dariya, sai idona ya kai kan kwanon yara. Ashe tun ranar da na hau tsani ta rage awon tuwo ba ta faɗa mini ba. Kunya ta rufe ni, tsoro kuma ya biyo baya, domin abin da ya rage a aljihuna ba zai dawo da rabin dawar da na sayar ba. Wadda muka zubar da arha, yanzu a hannun samarin nan take, ta yi tsada.

Yau da safe na ce bari in leƙa in ga abin da ya saura. Babu tsani. Suwaibatu ta ce takin awakinta yana nan in kwashe in kai gona, amma tsani ta aika shi gidan Goggo, ƙanwar mahaifina. Na je na durƙusa na gaishe ta.

"Goggo, tsani na zo ɗauka."

"Ruwa ya sauka, Gide?"

"A'a, Goggo."

"Tuwo ya yanke ma yara?"

"Bai yanke ba."

"To tahi. In mai lasihikar nan ya dawo, ka ce mashi shi zo shi amsa da kanshi."

Na taso ba tsani, kuma wallahi ban taɓa samun kwanciyar hankali irin ta yau ba. Ragowar kuɗin na damƙa wa Suwaibatu ta mayar da su dawa tun ba su ƙarasa yoyon ba.

Abin da ya dame ni kawai, akwai wani babban rumbu namu duka, wanda su Mai Girma ke hawa dare da rana, kowa da tsaninsa. In akwai mai hanya a cikinku, ya gaya musu Goggo tana da sauran wurin ajiye tsani a bayan ɗaki.